Shekarar da Barkonon Inna Ya Yi Jego

Shekaranjiya da safe na fito ba barkonona ruwa, sai na tarar tururuwa sun ja layi zuwa buhu ɗaya. Goma sha biyu nake da su a jikin katanga, tsofaffin buhunan siminti da na cika da ƙasa da takin awaki, amma wannan kaɗai suka nufa, na ƙarƙashin tagar ɗakin da autata Nafisa ke jego. Bakin ganyensa ya fara ƙonewa, alhali ƙasarsa a jiƙe take. Na durƙusa na tona da yatsa, na kai hanci, sannan na ɗan lasa. Kunun kanwa! Ai ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba, ni kaɗai a tsakar gida kamar zararriya. Zafin bazarar nan ta Gumel, da ƙamshin darbejiya a tukunyar wanka, da ɗanɗanon nan a harshena, su suka tattara ni suka mayar gidanmu na Ɗanzomo, shekara talatin da ɗoriya baya.

Daminar da ta gabaci wancan lokacin ba ta yi mana kirki ba. Gero na tsaka da bununi ruwa ya ɗauke, ya ƙi dawowa. Kullum hadari ya haɗu a gabas, a ruga a kwashe shanya, iska ta zo ta watsa shi. Wanda ya saba ɗaure dami hamsin da kyar ya haɗa goma, su ma rabi ƙaiƙayi. Ni ina Gagarawa Tasha a ɗakin mijina da cikin fari. Da ya shiga wata bakwai, sanyi na ban kwana, aka zo aka tafi da ni gida goyon ciki. Na iske gidan shiru, don ƙannena duk an rarraba su wurin dangi a garuruwan da aka ɗan samu amfani.

Ni ce 'yar fari, Inna kuwa irin mutanen da ce, ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta ba ni abinci sai ta ajiye a bakin ƙofa ta ce wa iska, "Ga tuwo nan, in da mai ci." Shi ya sa aka kira Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, ta zo ta kula da ni. Ita kuwa Gwaggo, tubarkalla, Allah ya ba ta baki. Abin da Inna za ta haɗiye a shekara, ita kafin hantsi ta faɗe shi tas.

Amma Inna tana da abokan hira, barkononta. Barkonon Ayya muke ce masa, don kakata ta wajen uwa, Ayya, ita ta zo da irinsa ƙulle a bakin zane ranar da aka kawo ta aure daga wani ƙauye na ƙasar Damagaram, can gaba da Maigatari. 'Ya'yansa ƙanana ne, a tsaye suke fitowa suna kallon sama, ga zafi, ga wani ƙamshi da in aka daka shi maƙwabta kan leƙo ta darni su ce a sam musu. Al'adar ɗakinmu kuwa, 'yar da ta yi haihuwar fari, ranar da za ta koma gidan miji da shi ake daka mata yaji, a kuma ƙulla mata irinsa ta tafi da shi. Haka Ayya ta yi wa Inna. To ga ni da ciki, ga fari ya ƙone na bayan ɗaki ƙurmus tun bai nuna ba. Ayya ta rasu, Inna kuma ita kaɗai ce 'ya mace a wurinta. Abin da ya rage na irin nan a duniya ɗan ƙulli ne na bara waccan a cikin batta.

Ranar da Inna ta ji ina da ciki ta yafa shi a fasasshiyar tukunya ta rufe da ciyawa. Iri in ya kwana biyu lalaci yake yi, tara kacal suka tsiro. Ina zuwa na tarar ta dasa su, takwas a jere a bayan ɗakin da aka sauke ni, ɗaya kuma a gindin randa, daidai ƙofar ɗakinta. Da asuba sai ka ji ta tsugune a gabansu: "Kun tashi lafiya? Yau kam akwai rana, kowa ya nemi inuwa." Na daɗe kafin in gane rabin zancen nawa ne. In ta hango na sunkuya zan ɗauki tulu, sai ta ce wa barkono, "Mai kaya a gaba ba ya ƙara wani a kai." Dole in ajiye.

Satin farko ƙadangare ya cinye biyu. Inna ta kife sauran da tsofaffin kwanduna marasa gindi, ta zagaye da ƙayar magarya, ta barbaɗa toka saboda gara. Ba a jima ba akuyar Baba, wata ja mai taurin kai, ta kutsa ta darni ta share biyu har ƙasa. Da Baba ya shigo da yamma sai Inna ta tsuguna ta ce wa waɗanda suka rage, "Ku yi haƙuri, akwai masu akuya a garin nan da ba su san igiya ba." Baba ya yi gyaran murya ya juya. Tun daga ranar akuyar nan a turke ta kwana ta wuni. Saura biyar ke nan, huɗu a bayan ɗakina, ɗaya a gindin randa.

Ruwa ma da kyar ake samunsa. Rijiyar unguwarmu ta ja baya, sai an ƙulla igiya biyu guga ke taɓa ruwa, ya fito rabinsa laka. Baba tun da sassafe yake bin layi da jaki. Sai Inna ta kafa doka, ba mai yin alwala a ƙasa banza. Ta asuba da ta magariba da ta lisha a gindin barkono ake yi. Ta azahar da ta la'asar kuwa a cikin ƙwarya, a ajiye sai rana ta yi sanyi, don ta ce ruwan da aka zuba wa shuka da tsakar rana dafa saiwa yake yi. Baba yakan ce, "Ni dai duk karatuna ban ga inda aka ce barkono na da rabo a alwala ba." Yana faɗa yana tsugunawa da butarsa.

Da zafi ya kankama, irin wanda ƙasa ke ƙona ƙafa ta cikin takalmi, sai furen ya riƙa zuba. Da safe ka ga 'yan farare sun buɗe, da yamma ka tsince su a ƙasa. Inna ta sa Baba ya kafa musu 'yar rumfa da tsohuwar zana, yadda za su sha ranar safe su tsira daga ta azahar. Fure ya fara zama. Daidai nan, wata Laraba da hantsi, na sauka lafiya, namiji.

Maigidana ya aiko da itacen jego da ƙauri, maƙwabta kuma suka yi mana kara, kowane gida tulu ɗaya a rana don wanka. Yajin suna da barkonon kasuwar Maigatari aka daka, Inna ko kallon turmin ba ta yi ba, ita nata na nan tafe. Safe da yamma Gwaggo ta tafasa ruwa da ganyen darbejiya, ta tsoma damin ganyen ta riƙa fyaɗa mini ina tsalle. "Tsaya mana, Talatu! Wa ya aike ki haihuwa in ba ki son ruwan zafi?" Wannan duk da sauƙi. Abin da ya fi ƙarfina shi ne kunun kanwa. Ka fito daga ruwan zafi, gari na ci da wuta, zufa na bin bayanka, a dire maka ƙwarya guda cike da kunu mai kauri yana tururi, a ce sai ka ga bayansa. Wallahi ko warinsa ba na son ji.

Gwaggo kullum cewa take, "Sha! Kanwa ke gyara jiki, ita ke kawo nono, ita ke sa ƙarfi." Ni kuma da wayon 'yar shekara sha takwas sai na yi lissafi. Abin da ke sa wa mutum ƙarfi ai ba zai ƙi barkono ba, ga su 'yan sirara abin tausayi, kuma zubar da abinci a juji zunubi ne. Saboda haka da Gwaggo ta fita gyara wuta, sai in sha ludayi uku, in lallaɓa bayan ɗaki, in tona rami a gindin kowanne, in raba musu daidai wa daida, in mayar da ƙasa. Huɗun nan babu wanda na zalunta. Na gindin randa ne kawai bai samu ba, don yana kan idon Inna, har tausayinsa nake ji. Gwaggo ta dawo ta ga ƙwarya fes ta ce, "Yauwa 'yar albarka, ashe kin fara hankali."

Bayan mako guda huɗun suka sauya. Bakin ganye ya ƙone, tsakiya ta yi rawaya, suka yi yaushi alhali ƙasa a jiƙe. Furen da aka sha wuya ya zauna ya zube. Ga wasu 'yan fararen ƙwari sun maƙale a ƙarƙashin ganye, har na gindin randa sun kama shi, sabon tohonsa na nannaɗewa. Inna ta barbaɗa toka, shiru. Ta rage ruwa, ta ƙara ruwa, shiru. Gwaggo ta ce baki ne, ai ranar suna wata ta tsaya tana cewa kai, wannan barkono da kyau yake, ko tubarkalla babu. Ta samo sakaina ta shafa mata baƙin tukunya ta rataye a darni. Ni kuwa da na ga sun rame sai na ce yunwa ce, na ƙara musu kunu.

Kaji ne suka tona mini asiri. Wata safiya Inna ta ga sun bar ko'ina sun taru a bayan ɗakina suna tono, ga tururuwa layi-layi. Ina ciki ina ba yaro nono, ina hangenta ta asabari. Ta kore su, ta tsuguna, ta sa yatsa ta tono wani abu mai tsami, ƙasar wurin ta yi fari-fari. Ta shinshina, ta lasa. Can na ji ta ce, a hankali, "Sannunku da jego. Ashe ku ma haihuwa kuka yi ban sani ba, har ana dama muku kunu."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Kafin in gyara zama Gwaggo ta faɗo ɗakin, ɗankwali a hannu.

"Ke Talatu! Amma kin cika 'yar banza mai wayon tsiya! Kin san geron da ake dama miki kunun nan? Ɗan abin da ya rage a gindin rumbu ne, uwarki ta ware ta ce na mai jego ne, ba mai taɓawa. Tun da kika sauka ita da ubanki busasshiyar tafasa suke kwaɗawa da garin rogo, wata rana ganyen aduwa, ba mai ba ƙuli. Ke kuma kina nan kina yi wa ƙasa walima!"

Ban sani ba, Allah shi ne shaidata. A ɗakin Inna suke cin abincinsu, asabari a sake. Sai a lokacin na tuna yadda rigar Baba ta yi masa yawa, da yadda Inna ke dafa gwiwa in za ta miƙe. Na fashe da kuka, irin mai shessheƙa, yaro ma ya taya ni. Daga waje Inna ta ce wa barkononta, "A dai bar mutane su huta haka nan. Kuka ƙafar da nono yake yi."

Daga ranar Gwaggo ba ta sake barin ni da ƙwarya ba. Gabana take zama ta miƙe ƙafa, sai na shanye na kife ta gani. Ni ma ban sake yin gardama ba, har suɗe ludayi nake yi.

Aka shiga ceton rai. Inna ta kankare ƙasar gindinsu da sakaina, Baba ya ɗebo sabon rairayi daga gona a kan jaki. Amma kanwar da ta shiga ƙasa sai ruwa mai yawa ke wanke ta, ina za a same shi? Gwaggo ta ce, "Ga ruwa muna zubarwa safe da yamma!" Aka aro babban daro, a ciki nake tsayawa a yi mini wankan, a tara ruwan ya huce sai yamma. Sabulun salo ma aka daina sa shi a wannan ruwan, don Inna ta ce da toka ake yin sa, ɗan'uwan kanwa ne. Duk da haka huɗun nan ba su tashi ba. Ɗaya bayan ɗaya suka bushe, kowanne Inna ta tuge shi ta jefar, ni kuwa in shige ɗaki in kasa haɗa ido da kowa.

Saura na gindin randa, wanda na hana kunu. Shi ma fararen ƙwarin nan sun sa shi a gaba. Wata yamma Gwaggo ta tsoma damin darbejiyar da take fyaɗa mini a ruwan da ya huce, ta ɗaga ganyensa ta riƙa fyaɗa masa ta ƙasa tana cewa, "Tunda gidan nan kowa jego yake so, zo ka yi naka sosai." Wasa-wasa, kwana huɗu ƙwarin suka ragu, sabon toho ya fito a miƙe. Shi ke nan ya shiga layin wanka, in an gama da ni da yaro sai shi.

Ranar da na yi arba'in yana da 'ya'ya bakwai, kore shar, ko alamar ja babu. Washegari sai ga maigidana a kan keke tun daga Gagarawa Tasha, ya sha sabuwar riga, ya zo a sa ranar komawa. Ya tsaya a zaure. Gwaggo ta yafa mayafi, ta bi ta gindin randa, ta sunkuya ta duba, ta dubi Inna, sannan ta fita.

"Ɗan nan, sai haƙuri. Jikinta bai yi ƙwari ba."

Ni da kumatuna ke sheƙi saboda kunu! Bawan Allah ya yi addu'a ya hau kekensa. Bayan mako ya dawo, aka maimaita masa. A zuwa na uku ya ce, "Gwaggo, ko a kai ta asibitin Gumel ne?" Ta ce, "A'a, kwantar da hankalinka. Irin wannan rana da ruwa ke maganinsa."

Ruwan kuwa ya zo. Wata la'asar gari ya yi tsit, zafi ya kai inda ya kai, sai gabas ta yi baƙi ƙirin. Muka ce yau ma iska za ta watsa. Sai ga ɗigo manya-manya suna faɗuwa a rairayi, ƙamshin ƙasa ya tashi har sai da na ji kamar in ɗiba in ci. Gwaggo ta jera duk wata ƙwarya da tukunya a bakin ɗaki, Baba ya tsaya a tsakar gida hula a hannu ruwa na dukansa yana hamdala, Inna kuwa ta ruga ta yaye zanar da ke kan barkononta. Da safe suka tafi shuka su uku, Baba na sara da sungumi, su suna bi suna jefa iri suna rufewa da ƙafa. Ni aka bari gadi, goyo a baya, sanda a hannu, ni da akuyar Baba muna harare-harare.

Sai da na kwana sittin da uku da haihuwa kafin na bakwai ya yi ja. Inna ta tsinke su da kanta ta shanya a faifai a inuwa. Uku ta jefa a turmi tare da na kasuwa da citta da kanumfari, kuma na rantse ukun nan sun rinjayi mudu guda, don maƙwabciyarmu sai da ta leƙo ta darni. Huɗun ta fasa ta raba irin gida biyu. Ranar tafiya ta ƙulla nawa a ƙyalle. Ba ta ba ni a hannu ba, a kan kayana ta ɗora, ta dafa shi ta ce, "To, ku sauka lafiya. Inda za ku akwai mai kyauta, in ta ba ku kunu ku ce kun ƙoshi. Ku riƙe ta da kyau, ita ma za ta riƙe ku." Ina dariya hawaye na zuba, ita kuwa ta juya tana gyara murfin randa da babu abin da ya same shi.

Damina ta gaba aka yi ruwa har ya kwanta a tsakar gidanmu na Ɗanzomo, na Inna duk saiwarsu ta ruɓe. Nawa da na dasa a kan kunya mai tudu suka cika ƙwarya. Rannan sai ga Baba, bayan an gaisa ya sosa ƙeya ya ce, "An ce in tambaya, wai ko masu shan kunu sun yi 'ya'ya?" Na ƙulla masa har da ƙari.

Yau babu Inna, babu Baba, babu Gwaggo, Allah ya jiƙansu. Famfo ne a tsakar gidana, maganin feshi kuma cike da shaguna, ko da yake ni har gobe darbejiyata nake tafasawa. Kanwar ma ma'aikatan asibiti sun ce a rage, ɗan gutsure nake sawa, ruwan wankan kuma ina sirkawa. Ita Nafisa auta ce, babu wata kunya tsakaninmu, sunanta nake kira gatsal sau ɗari a rana. Don haka da na gama dariyata shekaranjiya, na buɗe baki zan ƙwala mata kira in wanke ta tas irin na Gwaggo. Abin da ya fito daban ne.

"Sannunka da jego," na ce wa barkonon, a hankali. "Ashe kai ma haihuwa ka yi."

Muryar Inna ce sak, har inda take jan numfashi. Idona ya cika. Shekara nawa ina kewar matar nan, ashe tana nan a bakina.

Labulen taga ya motsa. "Umma, da wa kike magana?" Sai Nafisa ta hango ƙasar da na tona. "Wallahi, Umma, sau biyu ne kawai."

"Ni sai da na kwana goma sha biyu kafin a kama ni. Ke ko ɓarnar ba ki iya ba."

Na share ido, na kankare ƙasar, na sa sabuwa, na sakar masa ruwa har ya fito ta ƙasan buhu. Zai tashi in Allah ya so, amma furensa ya zube, sai ya sake sabo. Shi ne kuwa wanda na shuka da sunanta ranar da na ji tana da ciki, daga jikinsa za a ƙulla mata iri ba daga wani ba. Arba'in ɗinta saura kwana goma sha takwas. Na dama sabon kunu na kai mata, na zauna a gabanta na miƙe ƙafa sai da ta kife kofin.

"Yauwa. Yanzu ɗauko wayarki ki kira mijinki."

"In ce masa me, Umma?"

"Ki ce jikinki bai yi ƙwari ba."